Tabarmar da Yaya Dije Ta Naɗe

Kilomita Biyar, Bangui

Ummi 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya a gidan ƙanwata a unguwar Kokoro, inda kika je kika fake tun ranar da muka yi faɗa. Allah ya tsare ki, ya tsare hanyar da za ki bi ranar Alhamis zuwa Duwala ta Kamaru, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Na fara da addu'a ne don kada fushi ya sa in manta da ita, domin a fusace nake, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Na san yaren Sango ya fi miki sauƙi a baki, Faransanci kuma a takarda. To, ki daure ki karanta da Hausa, ko da a hankali ne. In muna magana baki da baki, da na matsa miki sai ki juye Faransanci ki bar ni ina kallon leɓunanki. A takarda ba ki da inda za ki juya, ni kuma fushina da Hausa yake fitowa.

Kin ce aikin da aka ɗauke ki a can na rakiyar baƙi ne, irin masu son ganin wuraren da aka kashe mutane, a nuna musu, a ba su labari, a ɗauki bidiyo a sa a intanet. Kin ce abin da kika yi a nan unguwa ne ya burge masu aikin, har suka ce ki taho musu da sauran abin da ke cikin wayarki. Abin da ke cikin wayarki kuwa Yaya Dije ce. Matar da katanga ɗaya ta raba mu da ita. Matar da ta yi mini wankan jego da na haife ki, don uwata, wadda kika ci sunanta, ta riga ta rasu. Matar da ɗanta Lawal yake ɗora ki a tankin babur ya kai ki makaranta, kina ihu a ƙara gudu. Ita ce za ki saka a aljihu ki tafi da ita neman aiki.

Kafin in zage ki, bari in fara da kaina, don ba daga sama kika koyo wannan hali ba.

Ranar da aka harbe Lawal a ƙofar shagonsa da ke jikin gidansu, cikin shekarun rikici, ina rumfata ta atamfa a kasuwa. Da rana tsaka ne. Aka ce wasu masu bindiga sun tsaya da babur, sun yi abin da suka yi, sun tafi, kuma har yau babu wanda ya tsaya gaban alƙali a kan wannan jini. Na bar rumfa a buɗe na ruga. Da na isa na tarar an zagaye shi, na kutsa da gwiwar hannu har na kai gaba, na tsaya ina kallo. Akwai gyale a kafaɗata, Ummi. Bai zo mini in cire in rufe shi ba. Wata mai tallar garin rogo, wadda ba Musulma ba ce, ba ta ma san sunansa ba, ita ta kwance zanen da ta ɗaura a sama ta lulluɓe shi kafin uwarsa ta fito. Ni da na ci tuwon sunansa ina tsaye da gyalena. Duk inda kika isa kika tarar mutum ya faɗi, ki tambayi kanki me hannunki zai iya yi. In babu, ki ja da baya ki ba masu shi wuri.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, don na daɗe ina yinsa. Bayan an yi sadakar arba'in, na mayar da mutuwar Lawal hirar rumfa. Duk macen da ta zauna tana juya atamfa, sai in ce, ai a gabana aka yi. Ba a gabana aka yi ba, na tarar an gama ne. Amma labari in ana maimaita shi sai ya yi ta ƙiba. Na ƙara masa cewa ya ɗaga hannu yana roƙonsu. Na ƙara masa kalmar ƙarshe da ban ji ba. Mata su dafe ƙirji, su yi salati, su daɗe a rumfa har su sayi abin da ba su yi niyya ba. Ke kuwa kina zaune a bayan dilar kaya da littafin makaranta a cinya, kunnenki yana wurina. Ranar da na ji ki kina ba wani Bature labarin, da ɗaga hannun, da kalmar ƙarshen, na gane ƙaryata ce ta koma Faransanci. Labarin mutuwa yana da masu shi. In ba ke kika yi takaba ba, ba ke kika wanke gawar ba, ba ke kike tashi da shi kowace safiya ba, to aro ne a bakinki, kuma ba a rina kayan aro.

Na uku, ni na nuna gidan. Lokacin da ƙura ta ɗan lafa, manyan baƙi suka fara zuwa Masallacin Koudoukou, sunan unguwarmu ya shiga duniya. A bayan manyan sai ƙanana suka biyo, masu gajeren wando da kyamara a wuya, suna tambayar inda aka yi abu kaza. Wani ya tsaya a rumfata, na miƙa hannu na nuna masa layinmu, na kuma ƙwala miki kira ki zo ki yi masa tafinta. Alfahari nake yi a ga 'yata tana magana da Bature ba ta in-ina. Wallahi ko a raina ban ce bari in fara tambayar Yaya Dije ba.

Daga nan kika karɓa, kika wuce inda na tsaya. Sun gane amfaninki da wuri. Namiji mai rakiya iyakarsa ƙofar shago, ya nuna musu hujin harsashi a jikin ƙarfen, su zura yatsa a ciki su ɗauki hoto. Ke kuwa mace ce, 'yar gida, kina yin sallama ki shige da su har tsakar gida, inda ko limami ba ya shiga sai an yi masa iso. Da mai walda ya zo zai liƙe hujin nan, ke kika ce a bari, wai tarihi ne. Tarihin da Yaya Dije take wucewa ta gabansa duk lokacin da za ta fita sayen gawayi.

Yanzu ga abin da yake ƙona mini rai, kuma ina so ki karanta shi sau biyu. Ke a nan aka haife ki, amma kamar ba ki san mene ne ta'aziyya ba. A wurinmu, duk wanda ya yi sallama a gidan da aka yi rashi ya ambaci mamacin, gaisuwa ya zo yi, ko bayan shekara nawa ne. Ba a tambayarsa me ya kawo shi, ba a kuma korarsa. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, ya cire takalmi ya zauna, ya ce ya haƙuri, a ce haƙuri sai ma'abocinsa ko a ce da godiya, a ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a, a shafa, ya tashi. Ba ya tambayar ta ina harsashi ya shiga. Yaya Dije ba ta san wani dalili da zai kawo baƙo gidanta da sunan ɗanta a baki ba in ba wannan ba. Shi ya sa duk ranar da kika shigo da mutanenki, takan tashi da ciwon gwiwarta ta ɗauko sabuwar tabarmar da take ajiyewa a bayan gado, ta aika a sayo ruwan sanyi, ta yafa mayafinta mai kyau. Ta ɗaga tafukanta tana jiran a ce amin, su kuma suna tsaye da takalmansu suna ɗaukar hoton tafukan.

Kin san haka take zato. Kada ki ce mini ba ki sani ba, don ke kike fassara. Tana cewa Allah ya ba da ladan zumunci, ke kuma Allah kaɗai ya san abin da kike mayar musu da shi.

Sai ranar da kika sa ta faɗi sunansa. Ina wurin, na kawo mata aron turmi. Lawal ɗanta ne na fari, kuma tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu. Yaron nan take cewa, da ya girma ta koma cewa mai shago. Ko ranar da aka fita da gawarsa, abin da ta ce shi ne Allah ya jiƙan mai shago. Wannan kunya ita ce irin son da ta iya yi masa, da shi ta raine shi. Wata Baturiya mai jan gashi cikin baƙin da kika kawo ta ce bidiyon zai fi taɓa zuciya in uwar ta faɗi sunan da bakinta. Kika durƙusa kusa da ita kika ce, “Gwaggo, faɗi sunansa, don su san wanda za su yi wa addu'a.” Ta dube ki, ta dubi ƙasa. Sannan ta faɗa, a hankali, kamar mai haɗiyar magani. Aka ce ba a ji sosai ba, ta sake. Ta sake.

Ni kuma ina tsaye da turmi a hannu ban ce uffan ba, kuma wannan shi ne kuskurena na huɗu. Da kuka fita ta riƙe hannuna ta ce, “Asabe, 'yar nan taki mai zumunci ce. Har Turawa take kawo mini gaisuwa.” Na buɗe baki na ce Allah ya yi mata albarka. Kunya ta hana ni faɗa mata gaskiya, tsoron ɓata miki suna ya ƙara rufe mini baki. Na zaɓi mutuncin 'yata a kan mutuncin maƙwabciyata, na kira abin kawaici. Ki kiyayi irin wannan shiru. In kin ga ana cutar wanda bai san ana cutarsa ba, kika yi shiru, to da ke ake yi.

Kin san yadda ta gano, amma ba ki tsaya kin ji ƙarshensa ba, kin kwashe 'yan kayan sawarki kin yi Kokoro. Nana ce, 'yar Lawal, wadda take goye ranar da aka kashe ubanta, yanzu ga ta budurwa. 'Yan ajinsu suka nuna mata a waya. Kakarta ce zaune a tabarma da tafuka a sama, an sa wani kiɗa mai ban tsoro a ƙasa, an yanko wurin da take faɗin sunan ana maimaitawa. A gefe ga wani saurayi yana zaro ido yana cewa ya shiga unguwa mafi haɗari, ya fito da rai. Ya fito da rai! Ruwan sanyinmu ya sha, Ummi. A ƙarƙashi mutane daga ƙasashen da ba mu san sunansu ba suna ta gardama a kan ko Lawal ɗan daba ne, ko ya ci amanar wasu ne, kowa yana warware kisan daga kan kujerarsa. Yarinyar nan da ba ta san fuskar ubanta ba sai a hoto, a nan ta fara karanta cewa wataƙila shi ya jawo wa kansa. Ta dawo gida ta miƙa wa kakarta wayar, don ita ma ba ta san inda za ta kai abin ba.

Ranar faɗanmu kin ce mini duniya tana bukatar ta san abin da aka yi mana, in ba a faɗa ba za a manta. Ban ƙi ba. Ni ma ina jin zafin yadda aka kashe mana yara aka wuce kamar ba a yi ba. Amma ki gaya mini, cikin duk waɗanda kika shigar gidan nan, wa ya tambayi wane irin mutum ne Lawal? Wa ya san shi ne yake buɗe shago da asuba don masu koko su sami sukari? Wa ya tambayi ajin da Nana take? Ba Lawal suke nema ba, hujin ƙofa suke nema. Kin kuma ce ai Gwaggo ta yarda, ba a tilasta mata ba. Ta yarda da me? Ta yarda a yi mata gaisuwa. Wanda aka tambaya abu ɗaya aka yi masa wani, ba a nemi yardarsa ba, an yaudare shi ne.

Don kada ki ce na yi wa baƙi kuɗin goro, na tuna da wata guda ɗaya, baƙar fata ce, mai rubutu, ba ta hannunki ta zo ba. Ta fara zuwa wurin mai unguwa, aka aiko aka tambayi Yaya Dije, aka gaya mata ƙarara cewa wannan ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba, tana son rubuta labarin ne don mutane su karanta. Yaya Dije ta ce ta zo ta gaisa, amma labari a'a. Matar ta zo, ta cire takalmi, ta zauna, ta shafa addu'a yadda ta ga ana yi, ta tashi ta tafi da wayarta a jaka. A lokacin na ce a raina ta yi asarar kuɗin mota. Yanzu na san cikin su duka ita kaɗai ce ta shiga gidan nan da sallama ta gaskiya.

Ga abin da kika bari a baya. Ranar Juma'ar da ta wuce wata tsohuwa ta zo daga unguwar Yakité, ƙawar Yaya Dije ce tun suna amare. Ta gudu Cadi da rikici ya yi tsanani, sai bana Allah ya dawo da ita, kuma ba ta taɓa samun yi mata gaisuwar Lawal ba. Ta zo da sandarta, ta yi sallama a zaure, ta ce ta zo gaisuwar mai shago. Wannan ita ce ta'aziyya ta gaskiya, wadda aka yi shekaru ana bin ta bashi. Yaya Dije ba ta fito ba. Daga cikin ɗaki ta ce wa Nana, “Ki ce musu an gama kallo.” Tsohuwar ta tsaya a zaure tana kuka, ba ta san laifin da ta yi ba, sai ni na ja ta gidanmu na ba ta ruwa. Tabarmar nan tana bayan gado a naɗe, an ɗaure ta da tsumma. Kin ɗauki matar da ƙofarta ba ta taɓa rufuwa ba, kin sa ba ta iya bambanta mai gaisuwa da mai kallo. Masu bindiga sun raba ta da ɗanta, mu kuma ni da ke mun raba ta da masu yi mata jaje.

Ba zan hana ki tafiya ba. Ke ba yarinya ba ce, kuma na san babu aiki a garin nan. Amma in har sai kin yi wannan sana'a, to ki ji. Kowane wurin da za su ce ki nuna, akwai wata Yaya Dije a bayan katangarsa, ko da ba ki jin yarenta. Ki fara zuwa ke kaɗai, ba kyamara, ki gaya mata gaskiyar abin da ake so da inda za a kai shi da irin mutanen da za su gani. In ta ce a'a, magana ta ƙare, kada ki koma da wani salo. In ta ce to, gobe kuma ta ce ta fasa, ta fasa ɗin. Kada ki ƙara wa mamaci ko kalma ɗaya don labari ya yi daɗi, kin ga inda nawa ƙarin ya kai. In masu aikin suka ce wannan ɓata lokaci ne, to kin san irin mutanen da kike ci a hannunsu, ki nemi wani abin yi. Na fi son ki dawo mini da jaka ba komai da ki dawo da hawayen uwar wani.

Sauran abin da ke cikin wayarki kuwa ba naki ba ne, ballantana ki kai wa wasu. Mai shi tana nan da ranta.

Akwatinki da kika ce a aika miki Kokoro, wanda kika shirya da takardunki na makaranta da fasfo a ciki, ba ya gidanmu. Jiya da hantsi na ɗora shi a kai na kai gidan Yaya Dije. Ban shiga da wasa ba. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaya mata duk abin da na rubuta miki a nan, da gyalen, da hirar rumfa, da shirun da na yi ina riƙe da turmi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ba ta kuma shimfiɗa mini komai ba, a kan siminti na zauna. Da na gama na ce ga ajiya na kawo, ta Ummi ce, ita za ta zo da ƙafarta ta karɓa. Ta dubi akwatin, sannan ta nuna lungun gado, kusa da tabarmar, ta ce, “Ajiye can. Ki ce mata kada ta damu, yadda ta rufe shi haka za ta same shi. Ni ba na buɗe kayan mutane.”

To, kin ji inda akwatinki yake. Kada ki aiko kowa, na gaya wa Nana ba a ba ɗan aike. Ki zo ke kaɗai. Ki cire takalmi tun daga zaure. Ki miƙa mata wayar, ta faɗi abin da za a yi da abin da ke ciki, ki yi shi a gabanta. Sannan ki zauna a ƙasa ki ce, Gwaggo, ya haƙuri. Na yi ta tunani, sau nawa kika shiga gidan nan da sunan Lawal a bakinki, kuma ban tuna ranar da ke da kanki kika yi mata gaisuwarsa ba. Wataƙila ta kwance tabarmar, wataƙila ta bar ki a kan siminti kamar yadda ta bar ni. Ko wanne ta yi, ki zauna har sai ita ta sallame ki.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki a hannun mutanen kirki, ya tsare miki ido da harshe. Allah ya jiƙan Lawal, ya ba uwarsa haƙuri, ya raya Nana. Ya yafe mini abin da na koya miki ban sani ba. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma. Fushina bai huce ba, amma dambun naman da na yi miki na guzuri yana nan a kan akwatin, in kin je za ki gani.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Asabe